Daga Fatoma zuwa Kundin Blokcen: Wa Ke Lamunin Magani a Katsina?

A ƙarni na 18, lokacin da Katsina ke cikin manyan cibiyoyin kasuwancin Sahara, baƙon ɗan kasuwa ba ya sayar da hajarsa kai-tsaye. Yakan sauka gidan fatoma, wanda zai ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa. In kaya suka fito da algus, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Maganin zamani ya zo da wata irin matsala: ido ba ya iya tantance abin da ke cikin kwalba. A 1995, lokacin annobar sanƙarau a Nijar, an yi wa mutum fiye da 50,000 allurar rigakafi ta jabu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin 2,500 sun rasu. Ga Bakatsine wannan ba labarin nesa ba ne, domin hanyar Jibiya ce ke haɗa shi da Maraɗi.

Najeriya ta kafa NAFDAC a 1993, Dora Akunyili ta zafafa yaƙi da jabun magunguna daga 2001. A 2010 hukumar ta ɓullo da tsarin kankare lamba a jikin kwali, a tura ta saƙon waya, a sami amsa. Sai dai tsarin yana shaidar kwalin ne kawai, ba ya faɗin hannuwan da maganin ya bi.

Wannan giɓin ne ake fatan blokcen zai cike. Kundi ne da masana'anta da ɗan sari da mai kemis ke riƙe da kwafinsa lokaci guda. Duk sauyin hannu ana rubuta shi, kowane shafi kuma a ɗaure yake da na bayansa, don haka goge ɗaya zai tona kansa. Kamfanonin magunguna a Amurka sun gwada shi ta MediLedger.

Amma kundin yana adana abin da aka shigar ne, gaskiya ko ƙarya. Maganin da ya tsallako iyaka a ɓoye, aka sayar da shi ƙwaya-ƙwaya a tire, bai taɓa shiga cikinsa ba. Kafin Katsina ta amfana, sai an sami wanda zai tsaya a matsayin fatoma a kowace gaɓa: mai rajista, mai suna, wanda za a iya tuhuma.