Me ya sa katangar ƙasa ke zubewa a watan Agusta?

1/ Duk wanda ya tashi a Funtua ko Malumfashi ya san wannan: katangar jar ƙasa da rani kamar dutse, amma ruwan Agusta na ratsa ta sai ta zube, wani lokaci kan masu barci. Ga tarihin yadda aka gano dalili.

2/ Ƙasar da ba ta ƙoshi da ruwa ba tana da tsotso. Ɗan danshin da ke tsakanin ƙwayoyinta shi ke janyo su ya ɗaure su. Idan ta jiƙe sharkaf, tsotson ya tafi, ƙarfin ma ya bi shi.

3/ Masu binciken noma ne suka fara auna abin. A 1907 Edgar Buckingham na ma'aikatar noma ta Amurka ya bayyana shi. A 1935 Schofield na Rothamsted a Ingila ya fito da ma'auninsa, pF.

4/ Injiniyoyi sun daɗe suna lissafi da ƙasar da ruwa ya cika. Littafin Fredlund da Rahardjo na 1993 ya taimaka wajen sauya haka. Yau a ABU Zariya ana auna tsotson jar ƙasarmu.

5/ Maginanmu kuwa tuni suka gane a aikace. Shi ya sa ake yaɓe kafin damina, a sa indararo mai tsawo.

6/ Don Allah ku duba gindin katangar gidanku. Kada ku bari ruwa ya kwanta a wurin.