Cibiya da Kushewa: Su Wane ne Mutanen Madawa?

Idan ka tambayi ɗan lakkwal a Madawa ya lissafo maka manyan mutanen garinsu, da wuya ya wuce dipite, da wani Alhaji mai motocin albasa, da ɗan kokawar da ya yi suna bara. Ba laifinsa ba ne. Littafin tarihin da mushe ya karantar da mu ya san Sarauniya Mangu ta Lugu, ya san Kawsan na Agadas, ya san Tanimun na Damagaram, amma da ya iso tsakanin Ƙwanni da Maraɗi sai ya taka mota ya wuce, kamar babu kowa a wurin sai ƙura da buhunan albasa.

Kafin a fara lissafi akwai tambaya: wa ake ce wa ɗan gari? Bahaushe yana da ma'auni biyu. Akwai inda aka binne cibiyarka, akwai inda aka haƙa kushewarka. Madawa tana da babban mutum ta kowace hanya, kuma dukansu biyu abu ɗaya ya same su, wato sun tsaya kusa da wanda ya fi su suna, inuwarsa ta rufe su.

Na kushewa shi ne Malam Jibril ɗan Umar. Duk wanda ya taɓa jin tarihin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ji sunansa, amma sau da yawa cikin jimla guda: "malamin Shehu". Sai a wuce. Alhali mutum ne da ya je aikin hajji sau biyu a ƙarni na 18, lokacin da tafiya Makka take cin shekaru, wani lokaci ta ci rai. A Alƙahira ya zauna da Murtada al-Zabidi, ya karɓi ijaza daga gare shi wajen 1784. Ga mu masu karatun harsuna wannan suna ba ƙarami ba ne, don al-Zabidi shi ne mai Tajul Arus, ƙamus ɗin Larabci da har yau ake jin nauyinsa. Ka duba fa: mutumin da aka binne a ƙasar Madawa ya haɗa gwiwa da mawallafin ɗaya daga cikin manyan ƙamusoshin duniya, mu kuwa muna tsammanin ilimin harshe daga Faransa ya fara zo mana.

A littattafan Larabci ana yi masa laƙabi da al-Aƙdasi, ma'ana na Agadas, saboda can ya daɗe yana karantarwa. Can Shehu ya same shi, ya zauna wajensa kamar shekara guda. Shehun ma ba baƙon wannan yanki ba ne: a Maratta aka haife shi a 1754, kusa da Galmi, tafiya kaɗan yamma da Madawa. Da Malam Jibril ya tashi tafiya hajji, almajirin ya so ya bi shi, sai malamin ya mai da shi gida don bai nemi izinin mahaifinsa ba. Bayan ya dawo daga gabas, Shehu da ƙanensa Abdullahi sun sake komawa gabansa, kuma Abdullahi ya sa shi cikin jerin malamansa a littafinsa Ida'un Nusukh.

Abin da ya fi jan hankalina game da shi saɓanin da ya shiga tsakaninsa da almajirinsa ne. Malam Jibril mutum ne mai zafi. Ya dubi abin da ake yi a ƙasar nan a zamaninsa, auren mata fiye da huɗu, cin dukiyar marayu, cuɗanyar maza da mata, fitar mata babu sutura, sai ya yanke cewa masu aikata waɗannan sun fita daga Musulunci. Shehu bai yarda ba. A cikin Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya ya bayyana cewa mai saɓo sunansa mai saɓo, bai zama kafiri ba, kuma kafirta mutum saboda zunubi hanyar Hawarijawa ce, ba ta Ahlus Sunna ba. Ya ƙi maganar malaminsa ƙarara, amma bai zubar masa da girma ba, ya ma nema masa uzuri da cewa kishin al'umma ne ya kai shi.

To wannan muhawara ba ta mutu ba. Wanda duk yake sauraron labarin abin da ke faruwa a Difa ko Tilaberi, ko ma kan iyakarmu ta kudu, ya san cewa tambayar "wane ne Musulmi, wane ne ya halatta a taɓa" har yanzu tana cin rayuka. An yi ta a nan shekaru fiye da 200 da suka wuce, tsakanin malami da almajiri, da alƙalami da tawada. A ganina wannan kaɗai ya isa a riƙa karantar da Malam Jibril a kowace makarantar jihar Tawa, tare da amsar da aka ba shi. Ya rasu kafin hijirar Gudu ta 1804, don haka bai ga jihadin da mutane da yawa ke cewa shi ya hura wutarsa ba.

Me ya sa Sakkwato ta fi mu riƙe sunansa? Wani ɓangare na amsar yana cikin taswira. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa sun kafa tsinken kamfas a kan Sakkwato, suka zana baka mai nisan mil 100, wajen kilomita 160, suka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. Ƙwanni tana ciki, Madawa ma tana ciki. Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu daga Kwara zuwa Damagaram ba ruwa, ba rijiyoyi, suka yi ta kuka har aka gyara iyaka a 1904 da 1906. Ba don ƙishirwar ayarin soja ba, da yau ɗan Madawa Ingilishi yake fama da shi. Da aka ja layin, littattafan da ke maganar Malam Jibril suka zauna kudu, kushewarsa ta zauna arewa. Sunan garin ma ya canza riga: mu muna cewa Madawa, Buza, Kaita, Tawa, takarda tana cewa Madaoua, Bouza, Keita, Tahoua. Wanda ya nemi "Madawa" a littafin Najeriya da wanda ya nemi "Madaoua" a littafin Faransanci sai su yi zaton garuruwa biyu ne.

Na cibiya shi ne Usman Ɗan Galadima, wanda takardun bariki ke rubutawa Ousmane Dan Galadima. Haifaffen Madawa ne, kuma yana cikin na hannun daman Jibo Bakari a jam'iyyar Sawaba. Sunan nasa da ƙamshin fada, amma jam'iyyar da ya ba rayuwarsa ta talakawa ce: direbobi, ƴan kamasho, teloli, ƙananan ma'aikata, ƴan ci-rani. Kalmar sawaba kanta Hausa ce, sauƙi bayan wuya, kuma ita ce NEPU ta ɗaga a Kano tun 1950. Iyakar da aka ja ba ta hana kalma ƙetarewa ba. Alamar Sawaba raƙumi, ta RDA giwa.

A 1957 Sawaba ce ke riƙe da gwamnatin cikin gida. Da Janar de Gol ya kawo ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Jibo Bakari ya ce a'a, a ba mu ƴanci yanzu, kamar yadda Seku Ture ya yi a Gine. Faransa ta turo sabon gwamna, Kolombani, sarakunan da suke tare da Sawaba suka juya mata baya, "i" ta ci, Jori Hamani ya hau. A Oktoba 1959 aka haramta jam'iyyar. Daga nan shugabanninta suka bazu waje, suka shiga tura samari koyon aikin soja a Gana, Aljeriya, Sin da Biyetnam ta Arewa. Ɗan Galadima na cikin manyan da suka tsara wannan aiki.

A ƙarshen damina ta 1964 ƴan Sawaba suka shigo ta iyakoki ƙungiya-ƙungiya, da zaton talakawa za su tashi su mara musu. Talakawa ba su tashi ba. A wurare da dama ma ƴan ƙauye aka sa suka yi farautarsu. An kashe Ɗanduna Abubakar kusa da Ƙwanni, an harbe wasu a bainar jama'a a Yamai. A Afrilu 1965 aka jefa wa Jori gurneti a filin idin babbar salla, bai same shi ba. Da aka kifar da Nkuruma a Fabrairu 1966, Sawaba ta rasa bangon jingina. Daga baya aka kama Ɗan Galadima a Najeriya aka miƙa shi ga gwamnatin Jori, ya sha kaso mai tsanani, bai ga waje ba sai bayan juyin mulkin Seyni Kunce na 15 ga Afrilu 1974.

Ba na cikin masu cewa duk abin da Sawaba ta yi daidai ne. Shigowar 1964 mummunan lissafi ne: an tura yara su mutu bisa zaton da ba a auna ba, kuma waɗanda suka tsara abin suna da kasonsu na alhaki. Amma a ce mutumin da ya kai wannan matsayi a ɗaya daga cikin manyan rigingimun tarihin Nijar ya koma garinsu ya tsufa, yara suna wuce ƙofar gidansa ba su san ko wane ne ba, wannan kam abin kunya ne gare mu. Sai da wani Bature ɗan Holan, Klaas van Walraven, ya zo har Madawa ya zauna da shi, ya fitar da littafi kan Sawaba a 2013. Littafin ya fito da Ingilishi, daga baya aka fassara shi da Faransanci. Hirar da ta kamata jikokinsa su yi da Hausa, a kan tabarma, kyauta, yanzu sai mun saye ta da tsada cikin harshen wasu.

Idan aka hau arewa zuwa duwatsun Adar sunaye suna ƙaruwa. Akwai Agabba, ɗan Sarkin Agadas, wanda ya ƙwace Adar daga hannun Kabi a 1674, kuma daga gare shi sarautar Sarkin Adar ta samo tushe. Tare da shi Lisawan suka zo, su ne gidan sarautar Kaita. Akwai Muhammadu Jilani, wanda ya yi nasa jihadin a Adar a farkon ƙarni na 19, har Ibra da Kel Geres suka karya shi ya nemi mafaka a Sakkwato. Kel Geres ɗin nan su ne suka tari Faransawa a Galma a 1901. Waɗannan duk Djibo Hamani ya bi sawunsu a littafinsa na 1975 kan Adar kafin zuwan Turawa, kuma yanzu jami'ar Tawa sunansa take ɗauke da shi. Su masu takobi ne, tarihi ba ya mantawa da irinsu da sauƙi, don haka ba zan daɗe a kansu ba.

Wanda zan tsaya a kansa ba shi da takobi. Dauda Adamu ma'aikacin gandun daji ne a Buza. Bayan farin farkon shekarun 1970 iska tana kwashe ƙasar fadamar Majiya, tana binne shuka tun tana jaririya. Shi da wani Ba'amurke ɗan sa-kai suka kai wa ƙungiyar CARE shawara, a 1975 aka fara dasa dogon yaro layi biyu-biyu a gicciye da hanyar iska. Layukan suka kai ɗaruruwan kilomita, hatsi ya ƙaru a gonakin da ke bayansu, masana daga ƙasashe suka riƙa zuwa kallo, aka rubuta Majiya cikin littattafan yaƙi da hamada. Tambayi wanda ke shan inuwar itatuwan yau wa ya kawo dabarar. Zai ce maka furoje. Kalmar nan "furoje" ta haɗiye sunayen mutane da yawa a ƙasar nan.

A Kaita abin ya fi haka. Furojen Kaita ya fara a 1984 da kuɗin Italiya, FAO na gudanarwa, PAM na ba da abinci a madadin lada. Shekarar ce ta yunwar da mutanenmu suka sa wa suna El-Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Maza sun tafi bida. Waɗanda suka rage su ne mata, kuma su ne mafi yawan ma'aikatan: su suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su a kan fako, suka haƙa ramukan tare ruwa a jikin tsaunuka, suka dasa itatuwa miliyoyi. Sunan da ya fita duniya shi ne na Renato Carucci, Ba'italiyen da ya shugabanci aikin, kuma ba na ƙwace masa abin da ya yi. Amma Benedetta Rossi, wadda ta yi shekaru tana bincike a yankin, ta nuna a littafinta na 2015 wani abu da ba mu cika son faɗa da ƙarfi ba: da yawa daga cikin matan nan daga gidajen da asalinsu bayi ne suka fito, waɗanda ba su da gona mai kyau, ba su da mai aiko musu daga Legas ko Abijan, don haka aikin dutse a bakin mudun abinci bai zame musu zaɓi ba. Kakanninsu sun yi wa iyayengiji aiki, iyayensu sun yi wa Nasara aikin tilas, su kuma suka yi wa furoje.

A rahotannin furoje ana ƙirga aikinsu da wani ma'auni na Faransanci da ke nufin kwanan aikin namiji guda, ko da yake mace ce ta yi shi. Sunayensu suna cikin takardun kiran suna da shugabannin shantiye ke riƙewa kowace safiya don rabon abinci. Da yawansu suna nan da rai a Kaita, da Tamaske, da Ibohaman, da Garhanga, sun zama kakanni, kuma suna iya nuna maka da yatsa wane tudu suka yi wa aiki a wace shekara.