Dutsen Dala da Tsumburbura: Yadda Kano Ta Rabu da Tsafi

Da yawa daga cikin Hausawan da ke zaune a Iware da kewayen Jalingo, in aka bi salsala, fatauci ne ya kawo kakanninsu daga ƙasar Kano. Duk da haka, in ka tambayi yaranmu mene ne Dala, iyakarsu su ce dutse ne a tsakiyar birni. Alhali a gindin dutsen nan ne wurin bauta mafi daɗewa da tarihin Kano ya ambata.

Masu binciken kayan tarihi sun samu alamun narka ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7. Sauran labarin kuwa daga littafin Tarihin Kano muke samunsa, wanda aka rubuta da Larabci, H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908. Littafin ya ce mutanen wurin suna bauta wa Tsumburbura, mazauninta kuma wata itaciya ce da ake kira Shamus, an kewaye ta da katanga. Babu mai shiga ciki sai Barbushe, wani ƙaƙƙarfan maharbi daga zuriyar Dala, wanda shi ne babban bokan ƙasar.

A kan dutsen Barbushe yake zaune, ba ya saukowa sai kwana biyu a shekara. Ranar saukowarsa jama'a kan taru daga ko'ina, wani da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru. Sai ya shiga cikin katangar shi kaɗai, in ya fito ya faɗa musu abin da yake cewa zai faru a shekarar. Wannan ne ya ba shi iko: wanda ake jin ya san gobe, shi ake bi. An ce har ya gaya musu wata rana baƙo zai zo da runduna ya karɓe ƙasar.

Baƙon shi ne Bagauda, wanda ake lissafa sarautarsa daga 999. Ya samu mulki, amma asirin tsafin ya ci gaba da zama a hannun mutanen Dala, suka ƙi bayyana shi ga sarakuna. Haka aka yi ta zaman doya da manja kusan shekara 300, har zamanin Sarki Tsamiya (1307 zuwa 1343), wanda ya auka wa wurin da yaƙi ya rushe katangar.

Ɗansa Yaji (1349 zuwa 1385) shi ne ya karɓi Wangarawa da suka zo daga Mali ƙarƙashin Abdurrahman Zaite. Ya karɓi Musulunci, aka naɗa liman da ladan, aka gina masallaci a gindin itaciyar. Masu tsafi ba su haƙura ba, suka riƙa zuwa da dare suna ƙazantar da masallacin. Ko a fada ma ba a rabu da tsohuwar al'ada nan take ba, don Sarki Kananeji ya koma wa tsafin Tsibiri da yake neman nasara a kan Zazzau. Sai a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), lokacin da Shehu Magili ya zo Kano, aka sare itaciyar aka gina hasumiya a gurbinta.

Ko da itaciyar ta faɗi, al'adar ta sake kama. A zamanin Muhammadu Zaki (1582 zuwa 1618), wanda Kwararrafawa daga wannan yanki namu na Binuwai suka ci birnin a lokacinsa, aka fito da Dirki: Alƙur'ani ne aka naɗe da fatu ana yi masa yanka. Kusan shekara 200 ana haka, har Sarki Alwali ya sa aka farke shi. Shi ne sarkin Haɓe na ƙarshe, jihadi ya kawar da shi a 1807.

Ku lissafa da kyau: daga zuwan Wangarawa zuwa farke Dirki, sama da shekara 400 ne. Musuluncin da muka gada a sauƙaƙe, malamai ne suka yi ta koyar da shi sannu a hankali. Wanda ya san wannan zai yi haƙuri da maƙwabcinsa, musamman a jiha irin Taraba mai ƙabilu da addinai barkatai.

Yau zaizayar ƙasa na cin Dala, gidaje sun matse shi, ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa tana ta rushewa, duk da an sa su a jerin wuraren da ake neman UNESCO ta amince da su tun 2007. Wasu na ganin kula da irin wannan wuri kamar raya tsafi ne. Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi, tana adana wurin bautar Hindu na Prambanan da aka gina a ƙarni na 9, imaninta bai ragu ba. Duk wanda ya je Kano sayayya ko ziyara, ya ɗauki yaransa su hau Dala, ya ba su wannan labari tun matakalar na nan.