Filin Giginya da Abin da Ke Kewaye da Shi

Wanda ya fita kudu da tsohon birnin Sakkwato yau ba zai ga komai ba sai kwalta da ofisoshi da gidajen ma'aikata. Ganuwar da Muhammadu Bello ya soma ginawa a 1809 ta zube, sai sunayen ƙofofinta suka saura a bakin mutane, kamar su Ƙofar Atiku, da Ƙofar Kaɗe, da Taramniya, da Rini, da Marke. To, a bayan ganuwan nan, wajen kudu, akwai wani fili da giginya a cikinsa. Nan ne aka kara da Nasara ran Lahadi, 15 ga Maris, 1903.

Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu bai cika wata shida da sarauta ba sa'ad da labari ya iso Kano ta faɗi. Aka yi shawara a fada. Waɗansu suka ce a yi hijira, waɗansu suka ce a yi sulhu, waɗansu kuwa suka ce sai yaƙi. Ana cikin wannan sai ga rundunar Kanar Molan ta ɓullo ta Shagari. Da gari ya waye jama'a suka yi sahu a fili, Sarkin Musulmi a tsakiya, Marafa Maiturare da Sarkin Rabah Ibrahim suna riƙe da gefe biyu. Masu takobi da māshi da baka suka fuskanci igwa da bindiga mai ruwa. Kafin hantsi ya dubi ludayi an watse. Amma waɗansu mutane kaɗan suka ƙi gusawa daga inda aka kafa tuta, suka tsaya har aka kashe su a gindinta. Saboda su ne sunan giginyan nan bai ɓace ba, har aka sa shi ga barikin soja da filin wasanni na Sakkwato.

Daga filin nan hanya ta rabu biyu. Sarkin Musulmi ya nufi gabas, talakawa suna barin gonakinsu suna binsa, har Burmi kusa da kogin Gongola, inda ya yi shahada ran 27 ga Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har ƙasar Sudan, zuriyarsu tana can a garin Mai Wurno.

Waziri Buhari kuwa ya fita da jama'a wajen Marnona. Ya duba ya ga birni babu shugaba, ga mata da yara, ga Hubbaren Shehu da masallatai biyu na Juma'a. Ya nemi fatawar malamai, sa'an nan ya komo ya sadu da Nasara, bisa sharaɗin ba za a taɓa salla da addini ba. Abin ya yi masa nauyi ƙwarai, har ya rubuta wasiƙa zuwa ga ma'abota ilmi yana bayyana dalilinsa. Masu zarginsa da sauƙin kai ba su auna abin da zai sami birnin ba da bai komo ba. Ran 21 ga Maris Gwamna Lugga ya tabbatar da Attahiru ɗan Aliyu Babba a gadon sarauta, aka bar Manjo Badan ya zama Razdan. A kan wannan tushe aka gina baitulmali da kotunan alƙalai da sauran aikin En'e, wanda ya ɗore har gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Shi kansa Marafa da ya ja daga ran nan, mai Gwadabawa, ya zama Sarkin Musulmi a 1915.

Akwai kuma wani wuri da ba a cika ambato ba. Kamar mil 14 kudu da birni akwai kufan Satiru. Mutanenta talakawa ne, yawancin makamansu gatura da fartanya, amma a watan Fabrairu 1906 suka karya sojan doki, suka kashe Turawa uku. A watan Maris aka komo musu da runduna, da mahayan Sakkwato a cikinta, aka ƙone garin, aka kashe mutane masu yawa, aka hana kowa sake zama a wurin.