Ujamaa: Yadda Aka Tattara Manoman Tanzaniya

Cikin watan Fabrairu na 1967 Shugaba Julius Nyerere ya yi Shelar Arusha. Manufarsa ita ce matalauciyar ƙasa ta dogara ga ƙasar noma da ƙarfin mutanenta, tun da kuɗi ba ta da su. Manoma su taru a ƙauyuka su yi aikin gayya, gwamnati ta kai musu makaranta da ruwa da ɗakin shan magani. Da farko ya ce babu tilas.

To, amma ku dubi lardin Ruvuma. Can manoma suka kafa irin waɗannan ƙauyuka da kansu, har da makaranta da injin niƙa. A 1969 jam'iyyar TANU ta rushe ƙungiyarsu, don linzamin ba a hannunta yake ba. A 1973 ƙaura ta zama dole. Cikin shekara uku aka kwashe miliyoyin mutane, sau da yawa aka jera su a bakin hanyar mota, ko da ƙasar wurin ba ta da albarka. Ku ma'aikata ku lura, wanda ya zaɓi wurin ba shi zai noma shi ba.

Yara kam sun sami karatu. Amma ga fari, ga ƙaura, sai da Tanzaniya ta sayo hatsi daga waje a 1974 da 1975.