Lambu a Ƙasar Salaga, Yendi da Bawku

Noman lambu a arewacin Gana ya daɗe yana tafiya da takin gida, tun kafin zuwan takin zamani. Fataken Hausa da ke bin hanyar Gwanja sayen goro a ƙarni na 19 sun iske mazauna Salaga da Yendi suna shuka kuɓewa, barkono, gauta da rama a bayan gidajensu, kuma zangon baƙi ya ƙara wa kayan miya kasuwa. Da yaƙin basasar 1892 ya watsa Salaga, 'yan kasuwa suka bazu zuwa Kete-Krachi, Yendi da wasu garuruwa, cinikin ya bi su.

A Bawku ne sana'ar lambu ta fi kafuwa. Kusasawan yankin sukan noma gonar da ke kewaye da gida shekara bayan shekara ba hutu, abin da ke riƙe ta kuwa shi ne kashin shanu da na awaki, toka da sharar tsakar gida. Idan rani ya shiga sai a koma fadama da gaɓar kogin Farin Volta, a haƙa rijiya marar zurfi, a yi shinge da karan dawa saboda dabbobi, a riƙa ban ruwa da guga safe da yamma. Aiki ne mai cin ƙarfi ƙwarai. Daga waɗannan fangaloli jar albasar Bawku ta yi suna har kasuwannin Kumasi da Accra, ko da yake albasar Galmi ta Nijar ta zo tana gogayya da ita.