Majinyatan Masu Ciwon Daji a Arewacin Nijeriya: Aikin da Ba a Lissafa Ba

Tsakure

Maƙalar ta ƙalubalanci ra'ayin cewa zumuncin Bahaushe ya wadatar wajen ɗaukar nauyin mai ciwon daji. Ta nuna cewa jinya kan faɗa wuyan mutum ɗaya, galibi mace, kuma tsarin lafiya yana cin moriyar aikinta ba tare da ya san da zamanta ba.

Gabatarwa da Bita

Ƙiyasin GLOBOCAN na 2022 ya nuna an sami sababbin masu ciwon daji fiye da 127,000 a Nijeriya, mutum fiye da 79,000 kuma suka rasu. Kusan kowannensu akwai wanda ya kwana a gefen gadonsa. Ma'anar kulawar sauƙaƙa raɗaɗi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2002 ta haɗa da iyali, ƙudurin Majalisar Lafiya ta Duniya na 2014 ya ƙara jaddada haka.

Matsalar tana wajen awo. Ma'aunin nauyin jinya da aka fi amfani da shi shi ne na Zarit, wanda ya fito a Amurka a 1980 don masu kula da tsofaffin da ke fama da ciwon mantuwa. Tambayoyi 22 na sigarsa da aka fi amfani da ita suna son majinyaci ya faɗi da bakinsa cewa mara lafiya ya zame masa nauyi, ya hana shi sakewa da abokai. Wace 'ya ce za ta faɗi haka game da mahaifiyarta, a gaban baƙo mai riƙe da takarda? Amsarta ita ce "Alhamdu lillahi, ai lada ne." Mai bincike ya rubuta maki kaɗan, ya kammala cewa zumunci ya rage wahala. Kunya ya auna.

Hanyar Bincike

An yi nazarin Tsarin Yaƙi da Ciwon Daji na Ƙasa na 2018 zuwa 2022, da Asusun Tallafin Masu Ciwon Daji na 2021, da tambayoyin Zarit, aka gwama su da abin da ake gani a ɗakunan jinya.

Sakamako

Babban abin da ya fito shi ne majinyaciya ma'aikaciyar asibiti ce marar albashi. Ita ke bin layin kati, ta kai jini ɗakin gwaji, ta fita gari neman maganin da babu a kantin asibiti. Idan aka ce a kawo jini, ita ke buga waya tana roƙon 'yan uwa. Ita ke juya mara lafiya, ta zubar da fo, ta wanke zanen da gyambon mama ya jiƙa, sannan ta shimfiɗa tabarma a baranda, kwanuka da buta a gefenta. 'Yan dubiya kan zo da lemo da ɗan abin hasafi, su yi addu'a su tafi kafin magariba. Wannan alheri ne, amma ba ya rage mata kwanan zaune ko ɗaya.

Nisa yana ninka wahalar. Cibiyoyin gashin ciwon daji a Arewa kaɗan ne, irin na Zariya da Sakkwato da Abuja, kuma akan yi gashi kwana biyar a mako har tsawon makonni. Wadda ta rako mara lafiya daga ƙauye ta bar sana'arta da 'ya'yanta ke nan, wani lokaci budurwa ce aka cire daga makaranta. Asusun 2021, wanda ya fara da asibitoci shida, ciki har da na Zariya da Gombe, an tsara shi ne don kuɗin maganin sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta furostet. Kuɗin mota da masauki da abinci suna kan iyali, a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya daga aljihu yake fita. Abin takaici ma, sau da yawa da miji ko wa likita ke tattauna sakamako, alhali mai ba da magani da dare tana waje.

Iyakoki

Nazarin bai tattara alƙaluma ba, bai kuma taɓo maza masu jinya da kyau ba. Hakan bai rushe hujjar ba.

Shawara

Amurka ta ba ma'aikata masu jinyar iyali hutun makonni 12 ba albashi tun 1993, amma yawancin majinyatanmu ba su da ofishin da zai ba su hutu. Abin da ya dace da mu shi ne a rubuta sunan majinyaciya a katin mara lafiya, a koya mata wankin gyambo da ba da maganin raɗaɗi da Hausa, a gina masauki kusa da kowace cibiyar gashi. Hukumar NICRAT, mai kula da bincike da maganin ciwon daji a ƙasa, ita ce ta fi cancanta ta fara wannan aiki.